Wuni Ɗaya da Wayar Auta

Asabar, bayan isha'i.

Tun asuba ranar yau ta nuna mini kalarta. Babu wuta tun daren jiya, sai na kunna fitilar waya na jingina ta a bakin famfo zan yi alwala. Ina sunkuyawa gefen hijabina ya share ta, tsulum, sai cikin bokiti. Na tsamo ta da sauri, fitilar na ci, har ina hamdala. Kafin in idar da sallah fuskar ta yi kore-kore ta ɗauke. Umma ta ce in binne ta a buhun shinkafa. Na binne, ba don na yarda ba, don dai kada a ce ban jin magana.

Wayar ba ta dame ni kamar abin da ke cikinta ba. Kasuwata kaf a nan take. Mata uku na jiran hoton leshi, wata amarya kuma ta ce yau za ta turo kuɗin atamfofin lefe.

Auta na jin labari ya fito yana washe baki. Shekara guda ke nan yana yi mini wa'azi a kan iPhone 11 ɗinsa 'yar Landan, ni kuwa ina ce masa wayar 'yan gayu ce marasa aikin yi.

"Yaya, yau Allah ya kawo ki hannu. Riƙe ta wuni ɗaya, wallahi ba za ki koma ba."

Ya zaro ƙaramar wayarsa mai madannai ya sa layinsa, ya miƙo mini babbar kamar mai ba da auren 'ya.

Rigimar farko a wajen layi aka yi ta. Layi biyu gare ni, na kasuwa da na 'yan uwa, ita kuwa gurbin kati ɗaya ne da ita. Na biyun wai eSIM ne, wanda ba a riƙe shi a hannu, sai an je ofishin kamfanin layi an mayar. Na zaɓi na kasuwa, dangi su yi haƙuri. Sai sauke WhatsApp Business, nan ma sai da aka kira Auta ya leƙa da fuskarsa kafin ta yarda. Ina shiga na tarar da fili fetal, ko gaisuwa ɗaya babu. Hirarrakina suna ajiye a Google Drive, ita kuma wannan iCloud kaɗai ta sani. Auta ya ce akwai manhajar Move to iOS da ke kwaso komai, amma sai tsohuwar wayar na raye, kuma sai an goge sabuwar tas. Tsohuwar tana cikin shinkafa. Na bar maganar.

Abin da ya fi ba ni wuya da safen nan ƙaramin abu ne, komawa baya. A Android duk inda na shiga, na shafo gefen fuska da babban yatsa na fito, ko dama ko hagu, ko ina cikin banki ko cikin hoto. A nan kowace manhaja da ƙofarta. Wata a shafo daga hagu, wata kibiya ce can sama a kusurwa inda yatsa ba ya kai, wata a ja ƙasa, wata a nemi alamar giciye. Na yi ta shafar gefen dama kamar mai lallashin mage, Auta na kwance a tabarma yana dariya har da riƙe ciki. Sai kuma rubutu. A tawa na sa Gboard na zaɓi Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna nan kusa. A tasa, yadda ya bar ta da Turanci, na danne k na jira, ƙugiya ba ta fito ba. Haka na rubuta wa wata Hajiya cewa leshin "ya kare", ina fata ta gane ba dabba nake nufi ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, wayar tana da natsuwa. Ban san wata kalmar da zan sa ba. Ka taɓa abu ya buɗe a lokacin da ka taɓa, ba gaggawa ba jan ƙafa. Haruffa, launi, girman akwatuna, duk kamar hannu ɗaya ne ya yanka su. Kuma tun safe har dare babu wani talla da ya faɗo mini daga sama, babu manhajar da ban sani ba tana roƙon in buɗe ta. Masu riƙe da ƙananan wayoyin Android sun san abin da nake faɗa.

Wajen sha ɗaya na tono gawar daga shinkafa na hau adaidaita sai Farm Centre. Rana ta buɗe, mutane kamar ƙasa, yara na tare ka tun daga titi, "Hajiya saye ko sayarwa? Gyara ne?" Na wuce wurin mai gyaran da na saba da shi. Ya ɓalle bayanta, ya kalli ƙwayar shinkafar da ta maƙale a ramin caji, ya kalle ni.

"Hajiya, dafa ta za ki yi?"

Ya ce shinkafa ba ta tsotse ruwan da ya riga ya shiga ciki, kuskuren da na yi shi ne barin ta a kunne. Zai wanke allon, ya busar, in dawo Litinin.

Ina zaune a benci yaransa biyu suka ga iPhone a hannuna, sai musu ya tashi, ashe dama a kusa yake. Ni dai na tambayi abu ɗaya da ya daɗe yana ɗaure mini kai: me ya sa wayar Umma da tawa duk Android ake ce musu, amma in na ɗauki tata sai in rasa inda saiti yake? Maigidan bai ɗago daga aikinsa ba ya ce ai ni ya kamata in fi kowa ganewa, tunda yadi nake sayarwa. Google ke saƙa yadin, kowane kamfani ya kai wa telansa. Tecno ta ɗinka nata ta kira shi HiOS, Infinix ta ce XOS, Samsung ta ce One UI, Xiaomi da can MIUI yanzu HyperOS. Tecno da Infinix da itel ma duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin. Ita kuwa Apple ita ke saƙa, ita ke yanka, ita ke ɗinki, ta miƙo maka riga a leda. Na ce to, abaya ce 'yar kanti ke nan. Ɗinkin ba makusa, amma in hannun ya yi miki tsawo sai dai ki naɗe.

Yaron da ke goyon Android ya karɓe. Ya ce abin da masu iPhone ke murna da shi yau, su sun gaji da shi tun suna firamare. Ƙananan allunan nan da ke nuna agogo ko yanayi a fuskar waya sai 2020 suka iso iPhone da iOS 14. Ajiye tambarin manhaja a duk inda ka ga dama, ka bar fili a sama, sai 2024 da iOS 18. Raba fuska biyu, kana kallon bidiyo a sama kana rubutu a ƙasa, Android na yi tun 2016, iPhone har yau shiru. Ɗayan ya bar shi ya gama, sannan ya nuna wayar hannuna. Ya ce wannan a 2019 ta fito, kuma da aka saki iOS 26 a 2025 tana cikin waɗanda suka samu. A nuna masa wayar Android ta 2019 a kasuwar nan da har yanzu ake turo mata sabon tsari. Na farkon ya ce Samsung da Google sun yi alkawarin shekara bakwai. Na biyun ya ce eh, a kan manyan wayoyinsu, irin su Galaxy S24 da Pixel 8, ba irin wadda ke aljihunka ba. Aka kwashe da dariya.

Wani dattijo da ke jiran a canja masa batir ya ce duk ku yi a hankali, shi ya ga zamanin da in ba ka da lambar BBM ba a kallon ka, ya ga Nokia Lumia mai fuskar tayil-tayil. Ina suke? Babu wanda ya amsa masa, kowa ya koma kan aikinsa.

Daga nan Kantin Kwari. A nan ne wayar Auta ta burge ni ba da wasa ba. Alhajin da nake sari a wurinsa iPhone gare shi, da na ce ya turo mini hotunan sababbin kaya sai ya ce in buɗe AirDrop. Kafin in gyara zaman jakata hotuna sun shigo reras, ba data, ba a rage musu kyau ba. Na ɗauki wani leshi ruwan toka da kaina, launin ya fito yadda yake a ido. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a sana'ata, don na sha rigima da masu cewa abin da suka gani a hoto ba shi aka kawo musu ba. Sai dai murnar ba ta je ko'ina ba, wajen la'asar batir ya yi ja. Na zaro cajata daga jaka, bakin bai shiga ba. Tawa USB-C ce, wannan kuwa Lightning, don sai daga iPhone 15 a 2023 Apple ta koma bakin da kowa ke amfani da shi, bayan Tarayyar Turai ta kafa doka. Alhaji ya ara mini tasa na tsaya minti ashirin ina shan fiya wata.

Na dawo gida gab da magariba. Wayar ta fara kiran sallah daga manhajar da Auta ya sa, murya mai daɗi, ana cikin shahada sai ɗif. Umma ta ɗago ta ce, "Wannan ladanin lafiya?" Auta ya ce haka tsarin yake, sautin sanarwa ba ya wuce daƙiƙa talatin, in ana son cikakke sai an buɗe manhajar. Umma ta ce Allah ya kyauta.

Bayan mun ci tuwo ta miƙo mini tata wayar wai rediyo ya ɓata. Ba ɓata ya yi ba, jikanta ne ya ja tambarin zuwa wani shafi. Ina mayar da shi na tsaya ina kallon fuskar wayar, don ni na shirya mata ita bara, har na manta. Umma ba ta karanta boko. Na share komai daga shafin farko, na bar hotuna huɗu manya: fuskata, ta Yaya Babba, ta Auta, da ta ƙanwarta da ke Zinder. Ta taɓa fuska, kira ya tafi. A ƙasa rediyo, wanda take kama Freedom da shi ba tare da ko sisin data ba, sai karatun Alƙur'ani da na zuba mata a katin memori. Agogo ƙato a sama. Shi ke nan wayar. Ba ta taɓa kirana ta ce ta rikice ba sai in yara sun taɓa.

Na nuna wa Auta na ce, yi mini wannan a taka. Ya karɓa da ƙarfin gwiwa, ya shiga saiti ya nuno mini wani abu da ake kira Assistive Access, wanda ya zo da iOS 17, yana mayar da komai manya-manya, ya rage manhajoji zuwa 'yan kaɗan. Na yarda, ya yi kyau, ban san da shi ba. Na ce saura rediyo. Ya ce sai da data. Katin memori fa? Ya sosa ƙeya. Kuɗin wayar fa, ko 'yar Landan ce, nawa za a sayi irin ta Umma da shi? Ya ce, "Yaya, ke matsalarki ba a gama magana da ke."

Abin dariyar shi ne, da ya juyo da tambayar kaina ban sami amsa ba. Ya ce ke da kike ta cika baki a kan 'yancin canja komai, me kika canja a taki? Na lissafa: hoton bango, allon rubutu, ƙarar kira. Uku. Shekara biyu ina riƙe da ita, ban taɓa sauya jerin tambarin da ta zo da shi ba. Shi kuwa da ke cikin gidan da ake cewa ba a taɓa komai, ya rina tamburansa duka sun koma kalar ƙungiyar ƙwallonsa, agogon fuska da wani salo, hoton bango na canjawa da kansa. Ashe ni don Umma kawai na taɓa amfani da 'yancin, kuma ba kwalliya na yi da shi ba, cirewa na yi ta yi har abin ya zo daidai ita.

Ban ce masa ya ci ni ba, ban kuma ce zan koma ba. Hoton leshin nan ruwan toka dai yana raina.

Sai da na zo kwanciya na lura da wani ɗan maɓalli a gefen wayar yana nuna ruwan lemo. Na tambayi Auta ta taga, ya ce na kashe ƙara ne, wataƙila na ture shi garin cusa ta a jaka bayan magariba. Na duba, kira bakwai, biyar daga amarya. Na kira ta ina ba da haƙuri, ta ce ta ɗauka na gudu da lefen ne tun ba ta biya ba. Ta turo kuɗin yanzu. Gobe da sassafe zan kai mata, in Auta ya yarda ya ƙara mini kwana biyu, don tun ɗazu yake zarya a ƙofar ɗakina yana tambaya ko na sa masa ita a caji.