Labaran sauti masu al'ajabi da zaman makoki

A 2012 aka fara shirin Welcome to Night Vale a Amurka, an tsara shi tamkar labaran gidan rediyon wani ƙagaggen gari da ke cikin hamada. Mu a Damagaram salon bai zo mana baƙo ba, domin mun saba jin sanarwar rasuwa a rediyo tsakanin talla da gaishe-gaishe. Abin da ke jan hankalina shi ne yadda mai gabatarwa yake ambaton abin tsoro da murya a kwance, kamar maƙwabta a tabarmar makoki a Birni, ana tattauna farashin gero alhali kowa ya san abin da ya tara su. Matsalar kawai ita ce da Turanci ake yin sa, shi ya sa nake fassara wa abokaina a majalisar shayi.