Ƙwayar Asuba da Tambayar Gwaggona

Tun da aka yi min aikin maƙoƙo aka cire min tayrod gaba ɗaya, wato ɗan sashen nan na gaban wuya mai fitar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki, ƙwaya ɗaya nake sha kullum, levothyroxine mai lamba 100, kuma ni da ita sai ƙarshen rai. 'Yar mitsitsiya ce, amma tana da tsirfa. Da na tashi sallar asuba nake haɗiye ta da ruwa zalla, in yi salla, in yi azkar, in dafa wa yara abin tafiya makaranta. Kafin shayi ya shiga bakina awa guda ta wuce. Ƙa'idar likitoci ke nan: ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, Gwaggona ce. Ita ba a yi mata aiki ba, tayrod ɗinta ne ya yi sanyi, aka ɗora ta a kan mai lamba 50. Na tarar tana gutsura ƙwayar biyu, rabi da safe, rabi bayan isha'i. Na ce, "Gwaggo, wa ya ce ki raba?" Ta ce, "Ke dai 'yar nan, kar ya yi min ƙarfi. Ai na hawan jinina ma safe da dare nake sha."

Hankali zai iya ɗaukar maganarta, sai dai wannan maganin ba haka yake aiki ba. Levothyroxine kwafin sinadarin T4 ne da tayrod ke fitarwa, kuma yana daɗewa a jiki ƙwarai: sai ya yi kusan kwana 7 kafin rabinsa ya fita daga jini. Kamar randa ce babba da ake ƙara wa moɗa guda kullum. Ko ka zuba moɗar lokaci ɗaya, ko ka raba ta biyu, ruwan randar bai san an yi ba. Rabawar ba ta ƙara komai, sai dai ta jawo wahala, domin yanzu sau biyu a rana za ki nemi lokacin da cikinki ba komai. Rabin daren Gwaggo kuwa a kan tuwo da miyar kuka yake sauka. Na roƙe ta ta faɗa wa likitanta yadda take yi kafin gwaji na gaba, don lissafinsa ya tafi daidai.

Akwai wanda ake rabawa, gaskiya ne: liothyronine, wato T3, ɗaya sinadarin na tayrod. Shi cikin kamar kwana guda rabinsa ya tafi, kuma yana hawa jini da sauri, shi ya sa likita kan raba shi sau biyu ko uku. Kaɗan ne ake ba wa shi. Yawancinmu T4 muke sha.

Inda aka fi samun matsala a gidajenmu, abin da ake haɗa ƙwayar da shi ne. Shayi mai kauri da madara, kofi, fura da nono, awara da madarar waken suya, duk suna rage abin da hanji zai tsotsa. Maganin ƙarin jini, da kalsiyam, da farin ruwan nan na ƙwannafi sun fi ɓarna, su sai an ba da tazarar awa 4. Wannan ya shafi masu juna biyu sosai: a wurin awo ana ba su maganin ƙarin jini, ga shi ciki yana ƙara buƙatar levothyroxine da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Mace ta haɗa su a tafin hannu ɗaya ta watsa, alhali lokacin ne jaririn ya fi dogara da sinadarin uwarsa. Ni wannan ya fi damuna a kan komai, don ban cika jin ana yi wa mata bayaninsa ba.

Wanda safiya ba ta yi masa ba, dare ma hanya ce. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2010, ya nuna masu sha kafin barci jininsu ya ɗauki maganin da kyau, har ya ɗan fi na safe. Sharaɗin dai a yi awa 3 zuwa 4 da cin abincin dare. A gidan da ake sauke tuwo ƙarfe tara, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Azumi kuma nasa lissafin daban. Wasu da ruwa da ƙwayar suke buɗe baki, su yi magariba, su jira rabin awa. Na jinjina musu. Ni kam ba zan iya kallon kunun tsamiya da ƙosai na minti talatin ba. Abin da nake yi, ina ajiye ƙwayar da gorar ruwa a gefen gado, in sa ƙararrawar waya awa guda kafin sahur, in haɗiye, in tashi in shiga kicin. A goman ƙarshe ma ya fi sauƙi, tunda ana tsaye a tahajjud. Ranar da aka makara, na fi son in bar ta zuwa dare, bayan asham da nisa, a kan in kora ta da nono.

Idan an manta ta rana guda, ba tashin hankali ba ne; likitana ya ce in sha da zarar na tuna. Idan kuma an sauya lokacin sha, ko an sauya kamfanin maganin, misali daga mai suna Euthyrox zuwa wani, a yi gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna ko maganin ya yi daidai, bayan mako 6 zuwa 8, kafin nan jinin bai daidaita ba. Bugun zuciya, rawar hannu da rashin barci kan nuna maganin ya yi yawa. Kasala, jin sanyi da cushewar ciki kan nuna ya yi kaɗan. Ko wanne ne, asibiti za a koma, ba a ƙara ko a rage da ka. Ranar gwaji ni sai an ɗebi jinin nake shan tawa, a jaka nake tafiya da ita.