Batsar da na ɗauka kyauta ce

Ina aji huɗu a sakandare wani abokina ya ba ni aron memori, ya ce waƙoƙi ne a ciki. Akwai waƙoƙin kuwa, amma a can ƙasa akwai abin da muke kira bulu fim. Daga wannan daren zuwa ranar da na rabu da kallon batsa, shekara tara na yi. Ƙannena, maza da mata, ba daɗin faɗa nake ji ba. Ina faɗa ne don lokacin da nake shekarunku babu wanda ya zaunar da ni.

Kuskurena na farko, na ɗauka abin kyauta ne, tunda ban taɓa biyan kowa ba sai 'yar datar dare. Na manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Shafin da ya fi suna a wannan harka, wanda aka buɗe a Montreal ta ƙasar Kanada a 2007, da bakinsa ya sanar cewa a 2019 an shige shi sau biliyan 42, wato kusan miliyan 115 kullum. Kamfanin da ke da shi, MindGeek, wanda ya koma Aylo a 2023, yana da wasu shafukan da dama. Duk shigar da ka yi ƙirga ta ake, a nuna wa masu talla, su biya. Kamar rumfa ce a bakin ƙofar kasuwa: yawan masu wucewa shi ke sa mata tsada. Wani kamfanin kuma da ke Landan, OnlyFans, a 2023 kaɗai masu kallo sun zuba dala biliyan 6.6 ta hannunsa, shi kuma yana cire kashi ɗaya cikin biyar. Mutanen da ke juya irin wannan dukiya ba da wasa suke tsara shafinsu ba. Wannan bidiyon da ke biyo bayan wancan, da gangan aka ajiye shi don kada ka kashe waya.

Kuskure na biyu ya fi min ciwo. Nakan ce wa kaina, ai ni kaɗai nake cuta, waɗanda ke ciki su suka zaɓa. A San Diego ta Amurka an yi wani kamfani da ke kiran 'yan mata da sunan aikin tallar tufafi. Idan sun zo sai a sauya magana zuwa ɗaukar fim ɗin batsa, a rantse musu cewa faifan ba zai taɓa hawa intanet ba, wasu ne a ƙasashen waje za su saya. Ƙarshe aka watsa su, danginsu da abokan karatunsu suka gani. Mata 22 suka kai ƙara, a Janairun 2020 kotu ta ce a biya su kusan dala miliyan 13. Mai kamfanin ya gudu, aka kamo shi a Sifaniya a 2022, a 2025 aka yanke masa shekara 27. Bidiyoyin nan a manyan shafukan da kowa ke shiga suka yi ta yawo.

A Disambar 2020 jaridar New York Times ta fallasa cewa akwai bidiyon fyaɗe da na ƙananan yara a wancan shafin na Montreal. Kamfanonin katin biyan kuɗi, Visa da Mastercard, suka janye, cikin 'yan kwanaki shafin ya goge miliyoyin bidiyo. Ku dubi wannan da kyau. Shekaru waɗanda aka zalunta suna roƙon a cire musu, ana jan ƙafa, amma da aka taɓa hanyar kuɗi sai abin ya yiwu nan take.

Ni ma na sa hannu a irin wannan zaluncin. An taɓa turo bidiyon wata yarinya a waya, aka ce saurayinta ne ya sake shi bayan sun ɓata. Ban san ta ba. Na kalla, na tura wa mutum biyu. Daga baya na ji ta bar makaranta. Na yi istigfari, amma haƙƙinta ne, kuma ban san inda zan same ta in roƙi yafiya ba. Idan irin wannan ya shigo wayarka, goge shi, ka gaya wa wanda ya turo ya ji tsoron Allah.

Abin da ya yi min a jikina kuwa, a hankali ya zo. Asuba ta fara kuɓuce min, littafi ya daina zama a kaina, abin da na fara da shi ya daina isa ta sai na nemi wanda ya fi shi muni. Na kai ba na iya gaisawa da mace idona a wanke. Na sa rai aure zai raba ni da shi, ashe ba haka ba ne, da shi na shiga ɗakin amarya, kuma baiwar Allah ta ga sanyin da ba ta san dalilinsa ba.

Sau nawa na rantse da dare na karya kafin sati? Alƙawari ni kaɗai a cikin duhu bai taɓa riƙe ni ba. Abin da ya taimaka shi ne ranar da na cire kunya na gaya wa yayana. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Kawo wayar." Ya sa mata makulli da lambar da ban sani ba, muka fita daga duk rukunin da ake turo irin abin, ya riƙa tashina da Asuba mu tafi masallaci tare. Na koma wa kallon sau da yawa, duk lokacin da na koma sai in faɗa masa, mu sake farawa. Ku nemi babba mai riƙe sirri, ke ƙanwata ki nemi yaya ko inna, domin abin bai bar mata ba. Idan ya kai yana hana ku barci da aiki, ganin likitan ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne.

Yau shekara shida ke nan. Har yanzu ƙarfe goma na dare a falo nake barin wayata tana caji, sai bayan na dawo daga Asuba nake ɗaukar ta.