Harbin rina: abin da nake yi a rabin awar farko

A ƙaramin asibitin karkara da nake aiki, harbin rina ba baƙon abu ba ne. Yawanci mutum ya taɓo gidanta ne a ƙarƙashin rufin ɗaki, ko bakin rumbu, ko reshen mangwaro. Abin da aikin ya koya mini shi ne in fara duba mutumin kafin in duba wurin harbin, domin raɗaɗin da yake ihu a kansa ba shi ne ke kisa ba.

Da farko a nisanta shi daga wurin. Rina ba ta barin ƙarinta a fata kamar ƙudan zuma, saboda haka guda ɗaya tana iya maimaita harbi, kuma tana fitar da wani wari da ke kiran 'yan'uwanta. In an ga ƙari a maƙale, to galibi zuma ce, sai a kankare shi da farce nan take.

Ina sa shi ya yi mini magana in ji muryarsa. Ina duba leɓe, harshe da fatar ido. In muryar ta dishe, ko numfashi yana fita da ƙara, ko borin jini ya feso a wuraren da ba a harba ba, ko yana jiri da amai da sanyin gumi, to jiki ne ya yi wa dafin mummunan bore, kuma hakan kan faru cikin mintuna. Maganinsa allurar adrenalin ce mai ƙarfin 1:1000, a tsokar gefen cinya ta waje: 0.5 ml ga babba da wanda ya haura shekara 12, 0.3 ml ga ɗan shekara 6 zuwa 12, 0.15 ml ga wanda bai kai 6 ba. In babu sauƙi bayan minti 5, a maimaita. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake tsayawa a kemis a yi allurar Piriton ko hydrocortisone a ce an yi magani. Waɗannan ba sa buɗe maƙogwaro, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi, lokaci kawai suke cinyewa.

Kafin a samu allura, a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa. Kada a tashe shi tsaye, kada a ce ya daure ya taka zuwa titi, domin tsayuwar kaɗai tana iya sa zuciya ta rasa jinin da za ta harba. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna a jingine. Mai ciki ta kwanta ta gefen hagu. Kada a ɗura masa manja ko madara, zai iya shaƙewa. Ko ya warware bayan allura, ina riƙe shi wasu awanni, domin abin yakan dawo.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, aikin mai sauƙi ne. A wanke da sabulu da ruwa. A cire zobe, awarwaro ko agogo tun kafin kumburi ya riƙe su. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 10, a ɗaga minti 10, a sake. In babu ƙanƙara, ruwan leda mai sanyi ko tsumman da aka tsoma a randa ya wadatar. A ɗaga hannun ko ƙafar sama. Babba ina ba shi farasitamol ƙwaya biyu masu 500 mg, kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24, sai Piriton 4 mg don ƙaiƙayi, tare da gargaɗin cewa yana sa barci, kada ya hau babur.

Tsaga da reza, ɗaure hannu da igiya, shafa kananzir, laka ko toka, duk ba sa fitar da dafi. Illa kawai suke ƙarawa.

Washegari da yawa sukan dawo a tsorace hannu ya yi suntum. Irin wannan kumburin yakan kai ƙarshensa cikin kwana biyu, ya saɓe cikin mako guda, kuma ba ya bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta sai in an ga mugunya, zazzaɓi, ko jan layi yana hawa sama.

Mutum biyu ba na sallama ko da sun ce lafiyarsu ƙalau. Na farko wanda aka harba a baki ko maƙogwaro: ya tsotsi ƙanƙara, a wuce da shi babban asibiti. Na biyu wanda rina da yawa suka taru a kansa, kamar harbi goma ko fiye, musamman yaro ko tsoho. Yawan dafin yana lalata tsoka da ƙwayoyin jini, abin da ya lalace ya je ya toshe ƙoda, kuma sau da yawa ba ya nunawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ba na ba shi ibuprofen ko diclofenac, don suna ƙara wa ƙoda wahala. Ya sha ruwa sosai, iyalinsa su riƙa lura da fitsarinsa: in ya ragu ko ya koma kalar baƙin shayi, a kai shi inda ake gwajin ƙoda a ranar.