Zarto, rula da jiragen ruwan 1943

Duk wanda zai ajiye jirgin ruwa kusa da jirgin ƙasa a kan tebur ɗaya, lissafi ne zai fara tare shi, tun bai taɓa gam ko fenti ba. Ƙananan jiragen ƙasan da ke tafiya a kan layin dogo na tebur, mafi yawansu a ma'aunin 1:87 ake ƙera su, wato santimita 1 a tebur tana wakiltar santimita 87 a fili. Babban mutum a wannan ma'auni da ƙyar yake kai santimita 2. Su kuwa jiragen ruwa na roba da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali don mutum ya haɗa da hannunsa, galibinsu 1:350 ne ko 1:700, domin masu yin su kan kabad suke tunani, ba bakin tasha ba. Haɗa su yadda suka zo, sai ka ga taragon gyaɗa ɗaya ya fi benen jirgin ruwa tsawo, ɗan dako kuma ya fi ƙofar ɗakin matuƙi ninki huɗu.

Zane da aikin katako nake koyarwa a wata makarantar koyon sana'a a Gusau, kuma ni da ɗaliban shekarar ƙarshe muka ɗauko aikin tebur mai nuna shekarar 1943: jirgin ƙasa ya loda gyaɗa a Ƙauran Namoda, ya sauke ta a Apapa, tashar jiragen ruwa ta Ikko, jirgin ruwa ya karɓa. Ba mu zaɓi shekarar don sha'awa kawai ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙaura a 1929, kuma gyaɗa da auduga suka kawo shi. Da Japan ta ƙwace Singafo a watan Fabrairu 1942, Ingila ta rasa abin da take samu daga can na roba da kuza da mai, sai ta juyo da ƙarfinta kan Afirka ta Yamma. A 1943 ɗin ne kuma aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda aka kai yaƙin ƙasar Bama ta Asiya, cikinsu da 'yan Arewa masu yawa. Kaya da mutane duk layin dogo suka bi zuwa Ikko, daga nan sai ruwa. Tebur da ba jirgin ruwa rabin labari ne.

Tazarar Ƙaura da Ikko ta wuce kilomita 1,000, kilomita 1 kuwa a ma'auninmu tana cin mita 11 da rabi. Saboda haka muka raba teburin biyu da allon falanki. Gefe ɗaya tashar Ƙaura, ɗaya gefen Apapa, jirgi ya shige ta wata kafa a jikin allon ya ɓullo can. Wannan bai ba kowa wahala ba. Jiragen ruwan ne suka cinye mana zangon karatu.

Kwalaye biyu muka samu, ɗan wani abokin aiki ya zo da su daga waje. Ɗaya jirgin kaya ne samfurin Liberty a ma'aunin 1:350, irin waɗanda Amurka ta ƙera guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945. Na gasken tsawonsa kusan mita 135 ne, na kwalin kuwa santimita 38 da ɗoriya. Da a ce za mu yi shi a 1:87, da ya haura mita ɗaya da rabi, ya cinye gefen Apapa gaba ɗaya. Na biyun ɗan jirgin yaƙi ne samfurin Flower a ma'aunin 1:72, irin masu rakiyar ayarin jiragen kaya, wasunsu daga Firitawun ta Saliyo inda ayarin ke taruwa. Shi tsawonsa a tebur santimita 87.

Babu ko ɗaya da ya dace da mu. Da na ce a kawo zarto, wani ɗalibi ya riƙe kwalin ya ce, "Malam, yanzu wanga jirgi da anka sawo da tsada shi za mu yanka?" Na ce shi fa. Takardar da ke cikin kwalin tana gaya maka lamba kaza ta shiga lamba kaza, kuma wanda ya bi ta zai samu jirgi mai kyau, amma ba zai san dalilin komai ba. Ni ra'ayina, yaron da ya yanka ya sake ginawa ya fi wanda ya haɗa tsaf koyon aiki, ko da nasa ya fito da ɗan karkata.

Abin da aikin ya nuna mini, wanda ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina koyar da zane, shi ne gangar jikin jirgin ruwa ba ta da ma'aunin kanta. Idan ka cire komai daga samanta, babu mai iya ce maka wannan ta mita 30 ce ko ta mita 130. Ido yana gane girman jirgi ne daga abubuwan da aka yi su daidai jikin ɗan Adam: ƙofa, tsani, taga, ƙarfen dogarawa na gefe, kwale-kwalen ceto. Canza waɗannan, jirgi ya canza girma ba tare da ka ƙara masa ko inci ba. Kamar tela ne ya karɓi rigar uba zai mayar ta ɗa, yadin na nan yadda yake, wuya da aljihu ne ke faɗin mai ita.

Da wannan muka tunkari na Liberty. Muka ture benen da bututun hayaƙi da sandunan ɗaga kaya gefe, muka bar gangar zalla. Santimita 38 a ma'aunin 1:87 ta zama mita 33, faɗinta na santimita 5 ya zama mita 4 da kaɗan. Ta yi siririya da yawa, sai muka yanke wani yanki daga tsakiya inda gefunan suke miƙe, muka haɗa gaba da baya, muka cike tsagar da filar masu gyaran jikin mota, muka goge. Muka shimfiɗa mata daɓen siraran katako, muka kafa ɗan ɗaki a baya mai ƙofar santimita 2 da tsani mai matakai huɗu. Jirgin teku ya koma kwale-kwalen ƙarfe na dakon kaya a cikin tasha, kuma duk wanda ya gan shi bai taɓa tambayar asalinsa ba.

Na Flower ya fi wuya, saboda kusancinsa da mu. Tsakanin 72 da 87 bambancin kashi 20 cikin 100 ne kawai, kuma irin wannan ɗan bambanci ya fi babba damun ido. Mutum zai ji wani abu bai yi daidai ba, ya kasa nuna shi. Ƙofar da ya kamata ta zama mita 1.8 sai ta tashi kusan mita 2.2, ƙarfen gefe ya kai wa ɗan dako ƙirji maimakon ƙugu. Ɗalibai biyu suka zauna da rula da reza suna rage ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, suna sake ƙarfen gefe da siririyar waya. Mun yanke shawarar mayar da shi ɗan jirgin kaya mai bin gaɓar teku, kuma gangarsa ta karɓi hakan ba gardama, domin tun asali daga fasalin jirgin farautar kifin whale aka ɗauko zanen samfurin Flower, ba daga jirgin yaƙi ba. A ma'auninmu ya tashi mita 75. Muka cire kayan yaƙin, muka huda ramin kaya a gaba, muka kafa sanda da hannun ɗaga kaya.

Wurin yanke gindi shi ma akwai magana. Ruwan tebur falanki ne, don haka dole a yanke duk abin da ke ƙarƙashin ruwa, jirgi ya zauna daram. To a ina za a ja layin? Jirgin da aka cika da kaya nutsewa yake yi har ruwa ya kusa alamar lodi da ke gefensa. Wanda bai ɗauki komai ba kuwa yana tashi sama, jan fentin gindinsa ya bayyana. Inda ka sa zarto, nan ka faɗi ko jirgin yanzu ya iso ko ya kusa tashi. Namu ana cikin lodinsa ne, sai muka bar ɗan jan kaɗan yana leƙowa. Ana jan layin ne da fensir a ɗaure kan guntun katako, a zagaye jirgin da shi a kan tebur mai santsi, ba da hannu sake ba.

Sai maganar shekara, wadda ta fi ma'auni buƙatar karatu. Jirgin kaya na lokacin yaƙi bai yi kama da na zaman lafiya ba. Fentin toka-toka ake lulluɓe shi da shi tun daga gaba har bututun hayaƙi, a shafe launin kamfani, a rufe suna. Jiragen Elder Dempster, kamfanin da ya fi kowa zirga-zirga tsakanin Libaful da Ikko, an san su da bututu ruwan ɗorawa, kuma yara sun so su sa shi don ya yi kyau. Na hana, na gaya musu dalili. A 1940 kaɗai kamfanin ya rasa jirginsa mai suna Accra, wanda jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar a watan Yuli, da mai suna Apapa, wanda jirgin sama ya jefa wa bam a watan Nuwamba. A Oktoba 1942 aka nutsar da Abosso, mutum fiye da 300 suka halaka. Wanda ke tafiya a irin wannan ruwa ba ya neman a hango shi. Igwar da muka cire daga gaban na Flower ma ba mu yar ba, baya muka mayar da ita, domin a can ake kafa wa jiragen kaya tasu. Jirgin kaya gudu yake yi, wanda ya biyo shi yake harbi.

Kwantena kuwa ko ɗaya ba ta hau teburin ba, duk da wani ya riga ya yanka 'yan akwatuna daga kwalin ashana. Sai a 1956 aka fara dakon kaya da irin ta zamani a jirgin ruwa a Amurka. A 1943 buhu ne da raga da igiya da bayan ɗan Adam. Haka kan jirgin ƙasa, mai kwal ne daga Inugu, na dizal sai a shekarun 1950. Tutar kore-fari-kore ta 1960 ce, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya kuma 1955 aka kafa ta, saboda haka sunanta ba shi da wuri a jikin tarago. Wani abu guda mun bar shi da saninmu. Faɗin layin dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wanda a 1:87 zai zama milimita 12, amma layin da muka iya samu na milimita 16.5 ne. Mun rubuta hakan a takardar bayani da ke gefen tebur, don kada wani yaro ya tafi da shi a matsayin gaskiya.

Wani tsohon ma'aikacin reluwe da ke unguwarmu ya leƙo wata rana. Bai ce komai a kan jiragen ruwan ba, buhunan ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Malam, buhun gyaɗa ba ya tsayawa ƙyam haka. Kwanciya shi ka yi, na sama ya danne na ƙasa." Na ce, "Baba, to yaya za mu yi?" Ya ce a jera su tun suna da laushi. Haka aka yi. Ana murza filar, a yanka ta tsawon santimita 1, a danna da tsumma don ta ɗauki zanen algarara, a ɗora wani kan wani kafin ta bushe. Tulin ya lotsa yadda ya kamata, har taragon ya zama kamar yana jin nauyi.

Waɗanda suka ƙera robar nan ba su san Gusau ba. Zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano yana lanƙwasa siraran sandunan jirgi, don haka duk mun musanya su da sifokin keke. Tinar fentin mota tana cin irin wannan roba, sai fentin da ake sirkawa da ruwa. Banish ɗin da muke shafa wa ruwan tebur kuwa, idan hunturu ya shigo, sai an kifa masa kwali ya bushe, in ba haka ba ƙura ta mayar da tekun fako. Launin ruwan ma sai da muka yi musu. Yawancin yaran ba su taɓa ganin teku ba sai a waya, shuɗi suke so. Na ce su tuna ruwan madatsar Bakolori da damina, su ƙara masa ɗan kore, domin ruwan tasha inda ake lodi ya fi kusa da wannan.

Abin da ya rage shi ne jirgin sojoji. Waɗanda suka kwashi 'yan Bama manyan jiragen fasinja ne da aka mayar na soja, kuma ko mafi ƙanƙantarsu ba zai zauna a teburinmu ba. Shawarar da ɗaliban bana suka kawo ita ce a yi gefensa kaɗai, kaurin yatsa biyu, a manna shi jikin allon da ya raba Ƙaura da Apapa, gaba da baya su ɓace a bayan rumfunan ajiyar kaya. An riga an yanka falankin, an huda tagogi jeri uku. Yanzu suna kan tsanin hawa, kuma akwai gardama a tsakaninsu kan tazarar matakalarsa, tunda sojan da zai hau yana ɗauke da jaka da bindiga.