Godiya ga waɗanda suka horar da mu kan kula da masu ciwon ƙoda a Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Mu ma'aikatan lafiya Hausawa da ke aiki a asibitoci daban-daban na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Ikorodu zuwa Obalende, nas-nas da likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji da masu ba da magani, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a horon ƙarin sani da aka ba mu kan kula da masu ciwon ƙoda. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. To tukuicinmu shi ne mu faɗi abin da aka koya mana dalla-dalla, don abokan aikin da duti ya hana su zuwa su samu rabonsu.

An yi wannan horo a garin da ya dace da shi. A Idi-Araba, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, aka fara wankin ƙoda a Najeriya a 1981, kuma a asibitin St. Nicholas da ke tsibirin Legas aka yi dashen ƙoda na farko a ƙasar nan a shekarar 2000. Malaman da suka tsaya a gabanmu sun gaji wannan aiki, kuma ba su raina mu da karatun 'yan aji ɗaya ba. Sun san shekarunmu a bakin aiki, sai suka nufi wuraren da hannun tsohon ma'aikaci ya saba zamewa.

Farkon godiya ga likitocin ƙoda, iyayenmu a wannan fanni. Sun dage kan abu ɗaya: ƙoda ba ta kuka da wuri, sai an auna ake jin muryarta. Mutum na iya rasa kusan rabin aikin ƙodarsa alhali kiriyatinin ɗinsa, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini wanda ake aunawa don sanin aikinta, bai fita daga iyakar da takardar gwaji ta nuna ba, musamman tsohuwa ramammiya wadda ba ta da tsoka. Don haka kada a tsaya kan lambar kiriyatinin, a lissafa ƙarfin tacewa, wato eGFR. Idan ya zauna ƙasa da 60 har fiye da wata uku, ko furotin ya ci gaba da fita a fitsari tsawon wannan lokaci, ciwon ya zama daɗaɗɗe. Ƙasa da 15 kuwa mataki na biyar ke nan, na ƙarshe a matakan ciwon. Sun kuma ja kunnenmu kan ma'auni, domin a Legas majinyaci kan zo da takardu daga ɗakunan gwaji biyu, wannan ya rubuta kiriyatinin da miligiram, wancan da maikuromol. A ninka na farko da 88.4 a samu na biyu. Wanda ya ga 2 jiya ya ga 177 yau, kada gabansa ya faɗi, abu ɗaya ne.

Sai raunin ƙoda na farat ɗaya, wanda ke biyo bayan amai da gudawa, zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko allurar jentamaisin ga wanda jikinsa ya bushe. A nan nas ce ke riga kowa gani, idan tana auna fitsari da gaskiya. Ƙa'idar ita ce rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a awa ɗaya. Mai kilo 60 da bai tara mililita 180 cikin awa shida ba, a kira likita nan take, ba sai an jira zagayen safe ba. Rubuta "ya yi fitsari" a takarda ba awo ba ne. Kafin a ce ƙoda ta tsaya kuma, a taɓa mara, a duba ko robar fitsari ta lanƙwashe ko ta toshe.

Muna godiya ta musamman ga malamar ɗakin gwaji da ta yi mana darasin fotasiyam, sinadarin da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza har ya taɓa zuciya, don ta warware abin da ya daɗe yana jawo gardama tsakanin ɗakin kwanciya da ɗakin gwaji. Fotasiyam na zaune ne a cikin ƙwayoyin jini, duk abin da ya fasa su zai ɗaga lambar ba tare da majinyaci na da matsala ba: ɗaure hannu ya daɗe, sa mutum ya riƙa dunƙule hannu yana buɗewa, tura jini da ƙarfi ta siririyar allura, saka kwalbar a firji kafin a raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa, ko barin ta awanni a jakar ɗan aike yana maƙale a gosulo. Mafi muni shi ne a tsiyaya jini daga kwalba mai murfi launin shunayya, wadda ake ƙidayar ƙwayoyin jini da ita, zuwa kwalbar gwajin sinadarai, domin maganin hana daskarewa da ke cikinta shi kansa yana ɗauke da fotasiyam. Alamarsa ita ce fotasiyam ya yi tashin gwauron zabi, kalsiyam ya faɗi warwas. Amma ta ƙara da gargaɗin da ya fi wannan nauyi: ga mai ciwon ƙoda, kada a ɗauka kuskuren gwaji ne a zauna jira. A sake ɗiban jini, a yi ECG, wato zanen bugun zuciya, a lokaci guda. Idan lambar ta kai 6.5 ko zanen zuciya ya canza, a fara da kalsiyam gulukonet mai ƙarfin kashi 10, mililita 10 zuwa 30 ta jijiya a hankali. Shi zuciya yake karewa, ba ya rage fotasiyam, kuma aikinsa ba ya wuce awa guda. Sai insulin mai saurin aiki yunit 10 tare da giram 25 na gulukos. Inda ake yawan faɗuwa shi ne bayan nan: ƙodar da ta gaza ba ta saurin kawar da insulin, sai suga ya faɗi cikin dare ba wanda ya lura. A riƙa duba suga a kai a kai har awa shida ko fiye.

Injiniyoyin ɗakin ruwa kuwa, inda ake tace ruwan wankin ƙoda, ba mu san da wane baki za mu gode musu ba. Da yawa cikin ma'aikatan wankin ƙoda ba su taɓa leƙa ɗakin nan na baya ba, alhali ran majinyaci na can. Injiniyan ya yi mana lissafi a allo: ruwan wanki na gudana mililita 500 a minti ɗaya, zama ɗaya na awa huɗu ya ci lita 120, sau uku a mako lita 360. Mai lafiya bai fi shan lita 14 a mako ba, kuma hanjinsa na tace masa. Shi kuwa majinyaci, tsakanin jininsa da wannan ruwa sai 'yar fata siririya da ke cikin matatar. Ya bi da mu tanki bayan tanki: mai tare yashi da tsatsa, wanda ruwan burtsatsen Legas ke saurin cikawa, mai tausasa ruwa, wanda ba ya aiki idan an bar tankin gishirinsa ya ƙare, tankunan gawayi guda biyu masu cire kulorin, sannan babbar na'urar tacewa. Ya buɗe 'yar famfon da ke bayan tankin gawayi na farko, ya tari ruwa a ƙaramin kofi, ya tsoma takardar gwaji, ya ɗaga ta kusa da jadawalin launuka muna kallo. Kulorin kada ya wuce miligiram 0.1 a lita. Ana yin gwajin ne bayan na'ura ta yi aƙalla minti 15 tana aiki, kafin a ɗora majinyaci na farko, sannan duk bayan awa huɗu. In ya wuce, a gwada bayan tanki na biyu. In nan ma ya wuce, a tsayar da wanki gaba ɗaya. Kulorin da ya tsallake yana farfasa ƙwayoyin jini, za a ga jinin da ke robar komawa ya yi garau kamar zoɓo, majinyaci na kukan ciwon baya da ƙirji. A tsayar da famfo, a matse roba, kuma kada a mayar masa da wannan jinin, cike yake da fotasiyam.

Sun kuma sa kowa ya juya famfon jini da hannu, domin ɗaukewar wuta ba baƙo ba ne, kuma ba kullum janareta ke tashi a bugun farko ba. Idan inji ya mutu, na'urar gano iska a robar jini ma ta mutu, idon nas ne ya maye gurbinta.

Ga manyan sistocin ɗakin wanki, Allah Ya saka da alheri. Su suka taɓo abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Littafi ya ce wanki sau uku a mako, amma aljihun yawancin mutanenmu bai kai nan ba. Mutum sai ya kumbura, numfashi ya gagara, sannan dangi su yi karo-karo a kawo shi, kowa na roƙon a cire ruwan duka yau. Tausayi na iya sa ma'aikaci ya biye musu, kuma nan ne haɗarin yake. Cire ruwa kada ya wuce mililita 13 ga kowane kilo a awa: mai kilo 60, lita uku da ɗan ɗoriya ke nan a awa huɗu. In an zarce, jini ya faɗi, jijiyoyi su ɗaure, zuciya ta wahala, ɗan ragowar aikin ƙodar ma ya tafi. Gara a tsawaita zaman ko a raba shi biyu. In jini ya faɗi, a dakatar da cire ruwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, a ba shi ruwan gishiri na asibiti ta jijiya, mililita 100 zuwa 250. Wankin farko kuma a yi shi a gajarce, kamar awa biyu, da gudun jini kaɗan, don idan yuriya, dattin da ya taru a jini, ta sauka da sauri ruwa na shiga ƙwaƙwalwa, sai ciwon kai da amai, wani lokaci har da jijjiga.

Kan hanyar jini da ake haɗawa a hannu, wadda ake kira fistula, akwai abin da ya shafe mu Hausawa kai tsaye: mutanenmu sun san kalmar da ma'anar yoyon fitsari, don haka a yi bayani da Hausa sosai kafin tsoro ya sa a ƙi aikin. Jijiya ake haɗawa da jijiya a hannu, ta ɗauki mako shida ko fiye kafin ta nuna. Tun ciwo na mataki na huɗu a fara tattalin hannun da mutum ba ya aiki da shi: ba ɗiban jini, ba kanula, ba awon hawan jini. In dole ne, a nemi bayan tafin hannu. Wajen soka allura a riƙa hawa ana sauka a tsawon jijiyar, domin sukan wuri ɗaya kullum ke sa ta kumbura kamar ƙwai. Robar wucin gadi ta cinya kada ta wuce mako, kuma a guji jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya, tana tsukewa ta ɓata hannun gaba ɗaya. Mai ciwon hanta nau'in B, injinsa daban.

Masaniyar abinci ta yi magana da tukunyarmu, ba ta wasu ba. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kuma dunƙulen magi da yajin tsire duk a cikin lissafi suke. Kanwa ma sodiyam ce mafi yawanta. Mai yawan fotasiyam ya yi hattara da dabino, ayaba, lemu, ruwan kwakwa da tumatirin gwangwani, abin lura sosai lokacin buɗa-baki. Doya da dankali a fere, a yanka ƙanana, a dafa da ruwa mai yawa a zubar da ruwan. Mai ba da magani kuma ya tuna mana da 'yan dakon kasuwar Mile 12 da 'yan garuwa, masu yini cikin rana ba isasshen ruwan sha, da dare su haɗiyi dikilofenak ko ibufurofen ko haɗin da ba a san abin da ke ciki ba. A tambaye su da sunan da suka sani, "maganin gajiya", a tambayi jiƙe-jiƙe da man bilicin ba tare da tsangwama ba, in ba haka ba ba za su faɗa ba.

Muna godiya ga hukumar asibitin da ta ba mu ɗaki da injuna, da shugabanninmu da suka sake mu, da abokan aikin da suka riƙe mana duti dare da rana, da iyayenmu mata da suka ciyar da mu.

Godiyar da ta fi taɓa zuciya ta majinyatan nan ce da suka yarda baƙi su kewaye gadonsu. Wani dattijo, baba a gare mu duka, ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo hannu, muka bi layi ɗaya bayan ɗaya muna ɗora yatsu uku a kan jijiyar, muna jin tana kaɗawa kamar kyanwa na gurnani. Bai nuna gajiya ba har na ƙarshe ya taɓa. Baba, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya buɗa wa iyalinka hanyar ɗaukar wannan nauyi, da sauran marasa lafiya baki ɗaya.

Takardun darussan, har da jadawalin awon fitsari da na gwajin ruwa, suna hannun waɗanda suka halarta daga kowane asibiti. Duk abokin aikin da ke buƙata ya nemi na kusa da shi ya yi kwafi.

Wassalamu alaikum.