Darussan da na koya a haɗa hom-tiyata: kafin ka sayi firosesa mai araha

Tun da na bar aiki a shagon kayan sauti, tambayar da aka fi yi min ita ce wace firosesa mai sauƙin kuɗi za a saya. Amsar da ma'aikaci ba ya iya bayarwa muddin oga na tsaye a kansa ita ce, yawancin masu tambayar ba firosesa suke buƙata ba. Oga kwalin da ya fi riba yake so ya fita. Idan an kai gida sauti ya ƙi daɗi, ba a neman wanda ya sayar, mai haɗawa ake kira a ce masa bai iya aiki ba, a gaban kwastoma kuma.

Firosesa zalla ba ta da amfilifaya a cikinta. Aikinta ta karɓi HDMI, ta warware Dolby ko DTS, ta raba sautin tasha-tasha, ta gyara shi daidai da ɗakin, sannan ta fitar da ɗan ƙaramin sigina ta RCA ko XLR. Ko sifika ɗaya ba za ta motsa ba. Mai son 5.1 sai ya ƙara amfilifaya mai tashoshi biyar, wayoyin haɗi biyar, da wufa, wato sifikar bas, mai nata amfilifayar. Saboda haka idan ka ga Emotiva BasX MC1 a kusa da dala 1,000, ko tsohuwar Outlaw Model 975 da aka sayar dala 549, rabin lissafin kawai ka gani.

Ga yadda abin yake lalacewa, kusan kullum ta hanya ɗaya. Mutum ya zo da abin da ya tara, mafi yawa ya tafi a firosesa. Ragowar ba ta kai amfilifayar gida ba, sai a haɗa masa da ta masu kiɗan biki, mai tashoshi biyu, a sayo biyu ko uku a jera. Sifikar tsakiya, wadda ita ke ɗauke da kusan duk maganar da ake yi a fim, sai ta samu abin da ya rage. Ranar gwaji ana kunna fim mai harbe-harbe, kowa ya gyaɗa kai. Bayan mako guda, da dare, lokacin da gari ya yi tsit, mai gidan ya fara jin fankar amfilifaya tana huci, sifikun suna shuu, kuma ba ya jin abin da 'yan wasa ke cewa sai ya ƙara murya, idan ya ƙara kuma fashewar bam ta tashi yara daga barci.

Wannan shuu ɗin yana da dalili. Ramukan RCA na ƙananan firosesa suna fitar da volt 1 zuwa 2 ne, amfilifayar biki kuwa an gina ta don sigina mai ƙarfi daga miksa. Da sauti ya fito ƙasa-ƙasa sai a murɗe makunnin amfilifayar har ƙarshe, a ɗaga ƙazantar layin tare da sautin. Wasu, irin Crown XLS, suna ba ka zaɓi tsakanin volt 0.775 da 1.4, waɗannan ana iya daidaita su. Adaftar RCA zuwa XLR kuwa ba ta mayar da layi ya zama irin XLR na gaskiya mai kashe hayaniya, siffar kai kawai ta canza. Kuma yawancin amfilifayar biki ba su da ramin volt 12 da firosesa ke tayar da su da shi, don haka dole a kunna su a ƙarshe a kashe su da farko, in ba haka ba ka ji ɗum a sifika. Ka koya wa mai gida wannan, amma yaran gida ba za su bi ba.

Abin da ya kamata a nuna wa mai ƙaramin kasafi ita ce risibar sauti mai cikakkun ramukan PRE OUT, wato inda ake jona amfilifayar waje. Firosesa ce da amfilifaya a kwali ɗaya, kuma duk ranar da kuɗi suka samu sai ka ƙara amfilifayar waje ta ɗauki sifikun gaba, ta cikin ta ci gaba da na baya. Denon AVR-X3800H ta 2022 tana da amfilifaya tara, tana sarrafa tashoshi goma sha ɗaya, da mafitar wufa huɗu. Onkyo TX-RZ50 ta 2021 ta zo da Dirac Live, tsarin gyara sauti daidai da ɗaki, a cikin kuɗinta. Da yake ana ƙera risiba da yawan gaske, sau da yawa ta fi firosesa mai irin aikinta araha. Marantz AV7706, wadda ba ta da amfilifaya ko ɗaya, ta haura dala 2,000. Amma ka duba bayan na'urar da idonka. Ƙananan samfura wufa kaɗai suke ba wa PRE OUT, Yamaha RX-V6A kuma sifikun gaba biyu da wufa. Rubutun kwali ba ya faɗa maka wannan.

Hujjar da oga ke kawowa ita ce firosesa tana tsufa, amfilifaya ba ta tsufa, don haka a raba su. Gaskiya ne. HDMI 1.4 ta fito a 2009, 2.0 a 2013, 2.1 a 2017; Dolby Atmos ya shigo gida a 2014, DTS:X a 2015, alhali amfilifaya mai shekara ashirin tana nan tana aiki. Sai dai hujjar tana cewa ne a zuba kuɗi a abin da ba ya tsufa, wato sifika, wufa da amfilifaya. Firosesa zalla ta wanda ya riga ya mallaki amfilifaya mai kyau ce, ko mai sifikun ohm 4 a babban falo, ko mai sifiku masu wutar kansu da ke nesa har suna buƙatar XLR. Wanda ba ya cikin waɗannan, ni dai rabin kuɗinsa nake sa wa a sifikun gaba uku da wufa, kuma ban taɓa jin kunyar aikin da aka yi a haka ba.

Darasi na biyu shi ne wat. Lambar da za ka yarda da ita ita ce wadda aka auna da tashoshi biyu suna aiki tare, a ohm 8, daga 20 Hz zuwa 20 kHz, da gurɓatar sauti ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. Wadda aka auna da tasha ɗaya, ohm 6, 1 kHz, gurɓata kashi 10, ta talla ce, PMPO kuwa kada ma ka karanta. Juya bayan na'urar ka ga wutar da take sha. X3800H ɗin nan an rubuta mata wat 105 a kowace tasha, tana shan wat 660. Tara sau 105 ya ba da 945, ka ga ba za ta ba duka taran wannan ƙarfin lokaci guda ba, kuma ba laifi ba ne, fim ba ya neman haka. Ninka wat sau biyu 3 dB kacal yake ƙarawa. Sifikar da aka rubuta mata sensitivity 91 dB, wato ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya, da wat 50 daidai take da mai 88 dB da wat 100.

Na uku wuta ce, kuma ita ta fi kashe na'urori a wajenmu. Risibar da aka yi wa Amurka volt 120 take ci, ta Japan volt 100, namu layin 220 zuwa 230 ne. Yawancinsu ba sa sauya kansu kamar cajar waya. Kafin ka biya kuɗin tokumbo karanta rubutun da ke kusa da igiyar wuta. Ta Ingila ko Jamus ta fi kwanciyar hankali. In dole sai ta Amurka, taransifoma mai rage wuta ta kai wat 1,000 zuwa 1,500, kuma a ɗaure filoginta da na risibar yadda ba wanda zai cire ya cusa a bango. Sitabilaiza ta zama mai jinkirta kunnawa, saboda lokacin da aka dawo da wuta ne sashen HDMI na cikin risiba ke mutuwa. Inbata ta zama mai tsarkakakkiyar wuta, wato pure sine wave, ta arahar tana sa taransifomar risiba kuka da zafi. Da damina, wayar dish hanya ce ta tsawa: ta bi dikoda, ta bi HDMI, ta shiga risiba. Idan ka ji gunjin 50 Hz a wufa, cire wayar dish daga dikoda ka saurara. In ya ɗauke, matsalar wayar ƙasa ce, ba na'urar ba.

HDMI kuma, abu uku za ka tambaya. Tana da HDCP 2.2, wato tsarin hana kwafar fim? In babu, fim ɗin 4K mai wannan kariya ba zai wuce ta cikinta ba. Tana da eARC ko ARC kawai, wato hanyar da sautin talabijin ke dawowa risiba ta HDMI? ARC na ɗaukar Dolby Digital, galibi har da Dolby Digital Plus da Netflix ke saka Atmos a kai, amma TrueHD da DTS-HD sai eARC. Wayar haske ta optika a 5.1 na tsohon Dolby Digital da DTS ta tsaya. Sannan shekarar ƙira: risibobin Denon, Marantz da Yamaha na 2020 sun fito da matsalar baƙin allo a 4K 120 Hz da Xbox Series X, har Denon da Marantz suka raba akwatin gyara mai suna SPK618. Wasu Onkyo na 2009 zuwa 2012 kuma sun yi suna da ɗaukewar sauti, kamfanin da kansa ya tsawaita garantinsu. Na hannu daga waɗannan shekarun, a gwada kowane rami tana da zafi, bayan ta yi awa guda a kunne.

Kada ka sayi ta hannu babu makirufonta na aunawa. Tsarin gyara sautin ɗaki irin Audyssey, YPAO, MCACC, kowanne da nasa, kuma na wani ba ya yi wa wani. A ɗora shi a kan ƙafar kyamara daidai tsayin kunne, ba a riƙe a hannu ba, a kashe fanka, AC da janareta. MultEQ XT32 na Audyssey wuri takwas yake aunawa, a yi duka takwas ɗin kusa da kujerar mai gida. Bayan ta gama, ka shiga ka mayar da sifikun Small ko da ta ce Large, ka sa mararrabar, wato crossover inda bas ke komawa wufa, a 80 Hz, ƙanana sosai 100 zuwa 120, ka tabbatar kowace tana ba da 75 dB.

Falon tayil da bangon siminti tsirara ba na'urar da za ta gyara shi. Kafet a gaban sifiku da labule mai kauri sun fi ƙarin dala 500 a firosesa.

Atmos mai harba sauti sama yana son silin mai shafe. POP mai hawa-hawa yana watsa shi, gara 5.1 mai kyau.

Yawancin abin da ake kallo a YouTube da dish sitiriyo ne, don haka ka saurari yadda Dolby Surround ke baza shi kafin ka saya.

Waya ta zama tagulla zalla, 1.5 mm² zuwa mita goma, 2.5 mm² in ta fi haka. Mai aluminiyam a ciki tana karyewa a bakin rami.

A bar santimita 10 zuwa 15 a saman risiba, kada a rufe ta a kabad, a hure ƙura bayan hunturu.

Kuma duk abin da kwastoma ya zaɓa saɓanin shawararka, ko oga ya zaɓa masa, rubuta samfurin da dalilinka a takardar aiki, ya sa hannu kafin ka huda bango.